Ba Sai Jarumi Ya Tsira Ba: Koyar da Fata ta Finafinan Yaƙi

Ƙasar da ta shimfiɗu daga Bebeji zuwa dajin Falgore ta daɗe da sanin yaƙi. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 mayaƙan Ningi, tun daga zamanin Ɗan Maje har zuwa na Ɗan Yaya, sun sha faɗo wa garuruwan kudancin Kano su kwashi mutane da dabbobi, sarakunan Kano su ma su ɗaura yaƙi su shiga duwatsun Ningi da Warji su komo da bayi. A farkon 1903 rundunar Turawa ta Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta tsaya a bakin ganuwar Bebeji, ta fasa ƙofa da igwa, sarkin garin ya rasa ransa a wurin, ranar 3 ga Fabrairu kuma Kano ta faɗi. A zamaninmu dajin Falgore ya yi ƙaurin suna da ɓarayin shanu da masu tare hanya, har a 2017 rundunar sojan Najeriya ta mai da wani sashensa filin atisaye. Jikokin mutanen da suka ga waɗannan abubuwa su ne ke zaune yau a ajujuwan sakandare a Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kuma mafi yawan abin da suka gani da idonsu game da yaƙi da zalunci a fim suka gan shi, wanda mai shago ya tura musu a waya kan 'yan nairori. Idan malami ya zauna da su a kan irin wannan fim, wane fata ya kamata ya nuna musu a ciki? Ra'ayina shi ne ya raba su da auna fata da yadda fim ya ƙare, ya koya musu nemansa a cikin abin da wanda ake zalunta ya aikata tun bai san yadda za ta kaya ba.

Ma'aunin da yaranmu suka saba da shi sananne ne. Fim ya yi ma'ana idan jarumi ya tsira, mugu ya sha ƙasa, aka ɗaura aure. In jarumi ya mutu sai ka ji an ce darakta ya ɓata labari. Wannan ma'auni yana iya wadatar da finafinan soyayya, amma ya gaza a gaban tarihi, kuma tun kafin tarihi ya gaza a gaban Alƙur'ani. Littafin ya ba mu labarin Annabi Yusuf, wanda aka jefa rijiya, aka sayar, aka ɗaure, daga baya ya riƙe taskokin Masar ya sadu da mahaifinsa. Shi ne kuma ya ba mu, a Suratul Buruj, labarin muminan da aka haƙa wa ramuka aka hura wuta aka jefa su ciki, azzalumai na zaune a gefe suna kallo, kuma babu wanda aka ciro daga wutar. Duka surorin biyu a Makka suka sauka, ga mutanen da ake gana wa azaba, don a ƙarfafa musu zuciya. Sumayya, matar Yasir, ta mutu a hannun Abu Jahal ba ta ga hijira ba, balle Badar. Da sahabi Khabbab ya kai kuka ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a inuwar Ka'aba, amsar da ya samu ta haɗa abu biyu: tunatarwa cewa na gabansu sun sha abin da ya fi wannan ba su juya ba, da albishir cewa al'amarin zai cika har matafiyi ya keta ƙasa ba ya tsoron kowa sai Allah. Ba a yi wa kowane ɗaya daga cikinsu alkawarin zai kai ranar ba. Duk malamin da ya koya wa yaro cewa fata na nufin kowa zai tsira ya koya masa abin da rayuwa za ta ƙaryata tun bai gama makaranta ba, kuma ranar da ta ƙaryata, tana iya tafiya da imaninsa.

Imam Gazali a Ihya'u ya bambanta fata da guri da misalin da ɗan Tudun Wada zai gane tun kafin a ƙarasa: wanda ya gyara ƙasa, ya zuba iri mai kyau, ya yi noma, sannan ya zauna yana jiran albarkar Ubangiji, shi ne mai fata, wanda bai shuka komai ba yana jiran kaka, guri yake yi. Na farkon ba shi da tabbacin girbi, fari na iya zuwa, amma jiransa yana da dalili. Da wannan ma'auni za a iya tantance kowane fim na zalunci. Akwai wanda ke tara wa mai kallo baƙin ciki na awa biyu, sai a minti biyar na ƙarshe ceto ya faɗo daga inda ba a shuka shi ba, don kawai a tashi ana murmushi. Akwai kuma wanda ke nuna mutum yana yin wani abu ƙarami a tsakiyar bala'i, yana karantar da yaro, yana ɓoye maƙwabci, yana ƙin yin ƙarya, abin da zai ci gaba da aiki ko shi ya mutu. Aikin malami shi ne ya sa ɗalibi ya nuna da yatsa inda aka yi shukar a cikin labarin. In ya duba bai samu ba, to abin da ya ji a ƙarshe daɗin baki ne kawai aka yi masa.

Fim ɗin da ya fi dacewa a fara da shi kusan kowane gida ya san shi, wato na Umar Mukhtar, wanda Mustafa Akkad ya shirya, Anthony Quinn ya fito a matsayin dattijon. Tarihin da ke bayansa ba shi da daɗin ji. Italiya ta shiga Libiya a 1911. Da shugabanta Musolini ya ƙosa da turjiyar mutanen Sanusiyya a gabashin ƙasar, sai Janar Graziani ya kwashe makiyaya kimanin 100,000 daga yankunansu ya zuba su a sansanonin gwale-gwale, inda yunwa da cuta suka kashe dubun dubata, ya kuma shimfiɗa waya mai ƙaya a kan iyakar Masar don kada abinci ko harsashi ya iso ga mayaƙa. An kama jagoran mayaƙan, Umar Mukhtar, aka rataye shi a Suluƙ ranar 16 ga Satumba, 1931, a gaban jama'ar da aka tilasta wa kallo, yana da shekara sama da 70. Libiya ba ta sami 'yanci ba sai 1951. Ta fuskar yaƙi an ci shi, kuma fim ɗin bai ɓoye haka ba. Duk da haka babu wanda ke tashi daga kallonsa da mutuwar zuciya, kuma ɗalibi na iya gano dalili da kansa idan aka mai da shi farkon fim ɗin. Da aka fara nuna mana dattijon ba a kan doki aka nuna shi ba, yana zaune ne a cikin yara yana karantar da su. Da mayaƙansa suka so kashe sojan Italiya da ya faɗa hannunsu, ya hana, ya nuna musu cewa ba daga abokin gaba za su koyi yadda ake riƙon fursuna ba. Saboda haka lokacin da tabaransa ya faɗi a gindin gungumen rataya, wani ƙaramin yaro ya sunkuya ya ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa, darakta bai ƙirƙiro wani sabon abu don ya lallashe mu ba. Abin da malamin ya dasa tun farko ne ya koma hannun wanda zai ɗore da shi.

Nan ne ya kamata ɗalibi ya koyi cewa fata a fim gina shi ake yi, da kayan aiki sanannu, kuma sanin kayan ba ya rage wa fim daraja. Malami na iya tsayar da hoto ya tambayi aji: ina aka ajiye kyamara, a ƙasa tana kallon mutumin sama ko a sama tana danne shi? Wa aka bar mu muka ga fuskarsa kusa, wa aka nuna daga nesa cikin taro? Yana iya kashe sauti ya sake nuna fitowa ɗaya, don yara su ji nawa ne daga cikin hawayensu aikin kiɗa, nawa ne aikin abin da ya faru. Fim ɗin Timbuktu na Abderrahmane Sissako, wanda ya fito a 2014 a kan mamayar da masu iƙirarin jihadi suka yi wa birnin a 2012, ya dace da irin wannan darasi. An haramta ƙwallo, sai samari suka shiga fili suna gudu, suna ba juna, suna bugawa raga, mai tsaron gida na tsalle, alhali babu ƙwallo a filin. Da masu bindiga suka zo wucewa a kan babur, sai suka waske kamar motsa jiki suke yi. Limamin gari kuma ya tare 'yan bindigar da suka shigo masallaci da takalma da makamai, ya yi musu magana a natse har suka fita. Makiyayin da labarin ya fi bi bai tsira ba. Amma yaron da ya ga wannan wasa ya fahimci cewa azzalumi na iya ƙwace abin hannu ya kasa ƙwace abin da mutane suka yarda da shi a tsakaninsu, kuma ya fahimce shi ba tare da wani ya yi masa huɗuba ba.

Na gida kuwa shi ne Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta don gasar 1933 ta Zariya, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Fim ɗin ya ɓace shekara da shekaru kafin a gano faifansa, a gyara shi tare da wata cibiya ta Jamus, a nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Labarin na zamanin harin bayi ne, irin wanda kakannin mutanen kudancin Kano suka sani: Umar yaro ne ɗan Kagara, mijin uwarsa Makau an yi masa sharri a fada an kore shi, yaron kuma an sace shi, ya bi hannu-hannu har Kano, Balarabe Abdulkarim ya ƙetara hamada da shi ya riƙe shi kamar ɗa, ya yi karatu ya zama malami. Uwar ta bar komai ta bi sawunsa, aka yaudare ta aka bautar da ita a Murzuƙ, ta ƙare a Tarabulus. Sun sadu, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu. Umar ya komo ƙasar Hausa ya zauna a Rauta yana karantarwa. Idan aka tambayi aji ina fata yake a nan, yawanci za su nuna Shaihu a kan buzunsa almajirai kewaye da shi. Malami mai lura zai ja hankalinsu ga uwar, wadda babu wanda ya yi mata alkawarin komai, ta ɗauki ƙafa ta tunkari Sahara don ba ta yarda ɗanta ya zama kayan sayarwa da za a manta ba.

A nan ne suka mafi nauyi take, kuma bai kamata a kauce mata ba. Mai suka zai ce irin wannan fata maganin barci ne. Umar ya yi sa'ar ubangida nagari, ya zama shaihi, sai mai kallo ya tashi yana cewa komai ƙaddara ce, ya manta da sauran bayin ayarin da ƙishirwa ta kashe a hanya, ya manta cewa mutane ne suka kama su, mutane suka saya, cikinsu har da masu salla. Haka ake koya wa talaka haƙuri a wurin da ya kamata a koya masa tambaya. Wannan suka tana da gaskiya a kan mummunar koyarwa, kuma labarin kansa ya fi karkata ga nuna juriyar bawa fiye da tuhumar cinikin. Amma maganin abin shi ne a kawo tuhumar cikin aji. Imani da ƙaddara bai taɓa wanke mai laifi ba. Annabi Yusuf ya yafe wa 'yan'uwansa, amma sai da ya tuna musu abin da suka aikata, su kuma suka amsa kuskurensu. Ɗalibi na iya riƙe abu biyu a lokaci guda: cewa Allah ya fitar da alheri daga abin da ya sami Umar, da cewa wanda ya sace shi azzalumi ne da zai amsa tambaya. Fatan da ya hana mutum kiran zalunci da sunansa ya tashi daga fata ya koma miƙa wuya, kuma uwar Umar ita ce hujjar cewa labarin bai nemi a miƙa wuya ba.

Wata sukar kusa da wannan ta shafi lissafi. Fim yana son wanda ya tsira, don shi ne ke da labarin da za a bi har ƙarshe. Schindler's List na 1993 ya bi Yahudawa kimanin 1,200 da wani ɗan kasuwa Bajamushe ya kuɓutar, alhali waɗanda gwamnatin Hitila ta hallaka sun kai miliyan 6. Hotel Rwanda na 2004 ya bi mutum dubu da 'yan kai da suka fake a otal guda a Kigali, a ƙasar da aka kashe kimanin 800,000 cikin kwana 100 a 1994, kuma daga baya wasu da suka fake a otal ɗin sun musanta yadda aka zana manajan a matsayin gwarzo. Mai kallo da bai san waɗannan alƙaluma ba zai ɗauka tsira ita ce ƙa'ida, mutuwa ce togiya, alhali akasin haka ne. Wannan ma bai isa dalilin jefar da finafinan ba. Dalili ne na malami ya rubuta lambobin biyu a allo, na waɗanda suka tsira da na waɗanda ba su tsira ba, ya bar su a gaban yara har a gama darasi. Abin mamaki, hakan ƙara wa aikin mai ceto nauyi yake yi, domin sai an san yawan waɗanda suka kau da kai ake sanin darajar wanda bai kau da nasa ba.

Akwai kuma masu cewa fim ba abin kai wa makaranta ba ne tun asali. Wannan yanki ya san muhawarar fiye da ko'ina, domin a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji ne gwamnatin tarayya ta yi niyyar gina alƙaryar shirya finafinai a 2016, malamai da dama suka yi ca a kan mumbari da kafafen sadarwa, aka janye shirin. Damuwarsu game da tarbiyya ba abin rainawa ba ce, kuma malamin makaranta wajibinsa ne ya tace abin da zai nuna, ya tsallake abin da bai dace da shekarun yara ko kunyarmu ba, ya sanar da iyaye. Sai dai janye alƙarya bai janye fim daga aljihun yaro ba. Yana kallo a gidan kallo, yana kallo a wayar yayansa, fassarar Indiya da ta Turkiyya da bidiyon 'yan bindiga da ke yawo a WhatsApp, babu babba ko ɗaya kusa da zai tambaye shi me ya fahimta. Zaɓin da ke gabanmu shi ne ko ya kalla shi kaɗai ko ya kalla da mai yi masa jagora. Mu kuwa al'umma ce da ta yarda da tarbiyya ta hanyar ƙissa tun daga tatsuniyar kaka har zuwa zaman tafsirin azumi, inda mai jan baƙi da mai fassara ke sa jama'a kuka da labarin mutanen da suka shuɗe. Abin da ake tambaya a kan ƙissa shi ne gaskiyarta da inda take kai zuciya, kuma wannan tambaya ce za a koya wa yaro ya yi wa fim.

Hatsarin da ya fi damuna dabam ne. Aji a Doguwa ko Tudun Wada yakan haɗa ɗan manomi da ɗan makiyayi, Musulmi da Kirista, kuma ba mamaki a samu wanda aka taɓa kore wa gidansu shanu ko aka sayar da gona don biyan kuɗin fansar wani nasa. Fim ɗin zalunci na iya fama wa irin wannan yaro ciwo, saboda haka a ba shi damar fita ko yin shiru ba tare da an sa masa ido ba. Yana kuma iya koya wa sauran cewa mugunta tana da ƙabila, su waiwaya su dubi na kusa da su. Shi ya sa fitowar da Umar Mukhtar ya kare fursuna ta fi duk fitowar harbe-harbe muhimmanci, shi ya sa kuma The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda aka yi da Hausa a 2020, yake da amfani ga manyan ɗalibai: 'yan mata biyu Fulani masu tallar nono, 'yan tada ƙayar baya suka raba su, ɗaya ta shiga neman 'yar'uwarta, ta tarar ta riga ta karɓi aƙidar waɗanda suka sace ta. 'Yar wasa Maryam Booth ta sami lambar yabo ta Afirka a kan rawar da ta taka a fim ɗin. Yaron da ya saba jin ana haɗa sunan Bafulatani da bindiga zai ga Bafulatana a matsayin wadda aka zalunta, zai kuma ga cewa wanda aka zalunta na iya rikiɗewa ya zama mai zalunci idan aka bar shi a hannun da ba na ƙwarai ba. Fatan da ke cikin irin wannan labari shi ne ƙin yanke ƙauna daga mutum, har wanda ya ɓata.

Darasin ba zai cika ba sai ya sauko daga allon kallo ya shiga gida. Tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, wadda ta tashi a yankin Zarewa, maƙwabtan Kiru, ta rubuta yadda mahara suka kwashi danginta da yadda aka yi ta haɗa kuɗi ana bin sawu ana fanso su. Irin wannan labari yana nan a bakin tsofaffi a garuruwanmu, na hari, na yunwa, na tashin ƙauyuka lokacin da ruwan madatsar Tiga ya ci gonaki a shekarun 1970. A tura ɗalibi ya durƙusa gaban kakarsa ya ce, "Iya, da abin ya faru wa ya taimake ku, me kuka yi kafin taimakon ya zo?" Sannan ya komo aji ya auna amsarta da ma'aunin da ya auna fim. Yaron da ya saba da wannan awo yana da kariya daga mutum biyu da ke jiransa a waje. Na ɗaya shi ne mai ce masa ya kwantar da hankali, komai zai gyaru da kansa, ba sai ya yi karatu ko ya faɗi gaskiya ko ya tsaya wa maƙwabci ba. Na biyu shi ne mai ce masa babu abin da zai gyaru har abada, don haka ya karɓi bindiga ya shiga daji ya ci rabonsa. Dukansu biyu suna son ya yarda cewa aikinsa na yau ba shi da alaƙa da gobe, kuma makarantar da ta koya masa gano ƙaryar wannan magana a cikin fim ta ba shi abin da zai gane ta da shi ranar da aka faɗa masa ita baki da baki.